Raɗaɗin Bayan Fiɗa: A Ba Majinyaci Haƙƙinsa

Akwai wani al'amari na kiwon lafiya wanda ba a cika tattauna shi a majalisu ko a shafuffukan jaridu ba, ko da yake da wuya a sami gidan da bai taɓa shafa ba. Watau irin azabar da majinyaci yake sha a kwana biyu ko uku na farko bayan an yi masa babban aikin fiɗa. In an fito da mutum daga ɗakin tiyata da ransa, 'yan'uwa sukan yi hamdala, a yi wa likita godiya, a ce aiki ya yi kyau. Abin da yake biyo baya cikin dare, sa'ad da maganin barci ya sake shi, daga shi sai mai jinyarsa da ke zaune bisa tabarma a gefen gado suka san shi. An ɗauki wannan wahala tamkar wani haraji da tilas mai neman lafiya ya biya. Ilmin likitanci kuwa ya daɗe da tabbatar da cewa wannan zato kuskure ne, kuskuren da yakan kai ga asarar rai.

A ɗauki misalin mazaunin Narayi, ɗaya daga cikin manyan unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna a Ƙaramar Hukumar Chikun, inda ma'aikatan gwamnati da 'yan fansho da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa suka yi yawa. Ba shi da nisa da asibitin Gwamna Awan, da na St. Gerard da ke Kakuri, da kuma babban asibitin Sabon Tasha. Amma in abu ya kai ga ciwon dajin tumbi, galibi sai an ƙetare kogi zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko Asibitin Sojoji na 44, ko kuwa a yi tafiyar fiye da kilomita 80 zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, inda ake da sashen kula da masu ciwon daji. Kafin ranar fiɗa ta zo, iyali sun riga sun ci bashi, wataƙila ma an sayar da fili ko abin hawa. Wanda ya sha wannan ɗawainiya bai cancanci a bar shi yana murƙususu a gado ba saboda rashin maganin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, in an kwatanta da na aikin kansa.

Ciwon dajin tumbi ba ƙaramin abu ba ne. Bisa ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 an sami fiye da mutum miliyan ɗaya da suka kamu da shi a duniya, ya kuma hallaka kimanin 769,000. Babban abin da ke haddasa shi wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, wadda likitoci biyu 'yan ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, aka kuma ba su kyautar Nobel a kanta a 2005. Shan taba da yawan cin abinci mai gishiri sosai suna ƙara haɗarin. Masifar ciwon ita ce, a farkonsa yana kama da gyambon ciki, abin nan da jama'a suke kira olsa. Sai mutum ya shafe watanni yana sayen magani a kemis, har sai rama ta bayyana, da saurin ƙoshi, da amai, da baƙin bayan gida, da ƙarancin jini. In an yi sa'a an gano shi bai yaɗu ba, babban maganinsa shi ne a yanke sashen tumbin ko a cire shi ɗungurungum, aikin da likita Theodor Billroth ya fara yi cikin nasara a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya a 1881.

A irin wannan aiki akan tsaga ciki daga ƙasan ƙirji har zuwa cibiya. Wurin nan kuwa yana motsi duk sa'ad da mutum ya ja numfashi. Saboda haka mai raɗaɗi sai ya riƙa yin numfashi sama-sama, yana tsoron yin tari. Majina ta taru a ƙirji, ƙasan huhu ya kasa buɗewa, daga nan zazzaɓi da ciwon huhu su shigo. Tsoron zafi yakan hana shi tashi daga gado, kwanciya wuri ɗaya kuwa takan sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kashe mutum nan take. Har wa yau, zafi mai tsanani yana sa zuciya bugawa da sauri, ya sa jini ya hau, abin da yake da haɗari ga dattijo. Hanji ma yakan yi jinkirin komawa aiki. Ƙarshenta majinyaci ya ƙara kwanaki a asibiti, iyali su ƙara kashe kuɗi, wani mara lafiya kuma yana can yana jiran gadon. Ashe ke nan kashe raɗaɗi wani sashe ne na maganin kansa.

Abin da aka saba a asibitoci da yawa na ƙasar nan shi ne likita ya rubuta allura, sau da yawa fentazosin, a yi ta bayan kowace sa'a shida ko takwas, ko kuwa in majinyaci ya nema. A rubuce tsarin ba laifi. Amma da dare ma'aikaciyar jinya ɗaya takan kula da gadaje masu yawa, maganin yana kulle a akwati, wani lokaci ma sai an aiki ɗan'uwa ya sayo a waje. Kafin allura ta iso zafi ya riga ya kai maƙura, in an yi ta mutum ya sami sauƙi na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma gidan jiya. Daɗin daɗawa, al'ada tana yaba dauriya tana kushe raki. Magidanci yana kunyar ya yi nishi a gaban 'ya'yansa ko surukansa, mace kuma tun a ɗakin haihuwa aka koya mata cije baki. Ma'aikaci ya zo zagaye ya tarar da mutum shiru, sai ya zaci lafiya lau ne. Haƙuri halin kirki ne, amma babu addinin da ya hana mai ciwo neman sauƙi, kuma shirun majinyaci ba hujja ba ce ga asibiti.

Akwai hanyar da ta fi wannan, ba kuwa sabuwa ba ce. Jama'a sun san allurar baya wadda akan yi wa mata in za a ciro jariri ta hanyar tiyata. Waccan sau ɗaya ake yin ta, ƙarfinta ya ƙare bayan 'yan sa'o'i. Tana da 'yar'uwa mai suna efidural, wadda wani likitan soja ɗan ƙasar Sifen, Fidel Pagés, ya bayyana a 1921. A 1947 wani likita a Kyuba, Manuel Martínez Curbelo, ya fara zura siririn bututu ya bar shi a wurin, domin a ci gaba da ba da magani ba tare da sake huda ba. Bututun bai fi kaurin zaren ɗinkin takalmi ba. Ana ajiye bakinsa a wani ɗan sarari da ke wajen tantanin da ya lulluɓe laka, daidai inda jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ciki suke wucewa. In aikin tumbi ne, akan sa shi a tsakiyar gadon baya kafin a sa mutum barci. Maganin da ake turawa, kamar bufibakain wanda aka tsinka aka gauraya da ɗan fentanil, yana tare zafin tun a hanya, mutum kuwa yana farke, da hankalinsa, yana iya tari, yana iya zama.

Ƙarin da aka yi daga baya shi ne aka miƙa wa majinyaci linzamin. Tun wajen ƙarshen shekarun 1960 wani likita a Amurka, Philip Sechzer, ya gwada barin majinyata su nemi ƙaramin awo na magani da kansu duk sa'ad da suka ji zafi, a 1976 kuma aka ƙera na'urar yin haka a birnin Cardiff na Birtaniya. A 1988 aka bayyana haɗa wannan dabara da efidural ga mata masu naƙuda a Kanada, daga nan ta bazu zuwa manyan ayyukan fiɗa. Yadda take aiki ba wuya. Ana haɗa bututun da wata 'yar na'ura mai tura magani kaɗan-kaɗan ba tsayawa, a ba majinyaci madanni a hannu. In ya ji zafi na tasowa, ko zai yi tari, ko za a tashe shi tafiya, sai ya danna, na'ura ta ƙara masa ɗan awon da likita ya ƙayyade. Daga nan ta kulle kanta na wasu mintoci, misali 15 ko 20, ko ya danna sau goma ba za ta ƙara ba. Akan bar ta kwana biyu zuwa huɗu, sa'an nan a cire a koma maganin sha. Hikimar abin tana cikin karin maganar nan da ke cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum biyu da aka yi musu aiki iri ɗaya ba lalle ne zafinsu ya zo ɗaya ba, kuma babu likitan da zai san awon wani fiye da shi kansa.

Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa, a manyan ayyukan da ake buɗe ciki, efidural ta fi allurar jijiya kashe zafi, musamman lokacin tari da motsi, tana kuma rage matsalolin huhu, ta sa hanji ya koma aiki da wuri. Don haka ne ƙa'idodin gaggauta warkewa bayan cire tumbi, waɗanda wata ƙungiyar likitoci ta duniya ta wallafa a 2014, suka ambace ta cikin shawarwarinsu.

Amma gaskiya ɗaya ce, wannan hanya tana da sharuɗɗa, kuma ba kowa ta dace da shi ba. Tana iya saukar da jini, ta sa ƙaiƙayi, ko riƙewar fitsari, ko nauyin ƙafafu. Wani lokaci bututun yakan goce, maganin ya ƙi kamawa. Akwai kuma haɗarin da ba a cika samu ba amma yana da muni, watau jini ko ruɓa su taru kusa da laka, wanda in ba a gano da wuri ba yana iya shanye ƙafafu. Saboda haka ba a yin ta ga mai matsalar daskarewar jini, ko mai ƙurji a wurin hudar, kuma sai an yi lissafi sosai ga mai shan maganin tsinka jini. Wajibi ne ma'aikaciyar jinya ta riƙa auna jini da numfashi da motsin ƙafa a kai a kai, likitan sa barci kuma ya kasance a kusa dare da rana. Wata ƙa'ida da ya kamata a jaddada a nan, inda dangi suke kewaye gado, ita ce ba wanda zai taɓa madannin sai majinyacin kansa. Wanda magani ya fara yi wa yawa barci ne yake ɗaukarsa, sai ya daina dannawa. In ɗa ko mata ta danna masa don tausayi, an rushe wannan kariya. Asibitin da ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, gara ya tsaya ga hanyoyi masu sauƙi ya kyautata su.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Matsala ta farko ita ce ƙarancin ma'aikata. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla likita biyar ga kowane mutum 100,000. A binciken da ta wallafa a 2017, Nijeriya ba ta kai ko ɗaya ba. Tun daga lokacin kuwa likitoci da ma'aikatan jinya suna ta ƙaura zuwa Birtaniya da Kanada da Saudiyya. 'Yan kaɗan da suka rage suna tsare a ɗakin tiyata, ba su da sararin bin majinyaci zuwa gadonsa.

Ta biyu ita ce ƙarancin magani. Mofin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kuma da araha, hukumar ma ta sa shi a matakin ƙarshe na tsarin kashe zafin ciwon daji da ta fitar a 1986. Duk da haka, kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na irin wannan magani da ake rabawa a duniya, kuma abin da Nijeriya take samu bai biya ko kashi ɗaya cikin ɗari na bukatar majinyatanta ba.

Ta uku ita ce tsoro, tsoron kuwa yana da dalili. Binciken da aka yi a 2018 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu da magunguna irin su tiramadol. A watan Mayu na shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Iyayen Kaduna da Kano sun ga ɓarnar da idonsu. Amma abin takaici, tiramadol yana yawo a tasha da bakin kasuwa, mofin kuwa ya gagari wanda aka tsaga cikinsa jiya. Laifin ɗan ƙwaya bai kamata a ɗora wa majinyaci ba. Magani na 'yan kwanaki, a ƙarƙashin kulawar likita, a rubuce a littafin da ake bincikawa, daban yake da shaye-shaye. Manufar ƙasa kan magungunan da ake tsarewa, wadda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar a 2017, ta amince da wannan bambanci. Abin da ya rage shi ne aiki da ita.

Wataƙila wani ya ce, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa suke kashe dubbai, ina ita ina zancen na'urar kashe zafi? Tambaya ce mai ma'ana. Amsarta kuwa ita ce, ba ana neman a sa na'ura a kowane ɗakin shan magani ba ne. Asibitocin da ke yin irin wannan babban aiki a Jihar Kaduna ba su da yawa, na'urori kaɗan za su wadatar da kowannensu, suna aiki da batir, akwai ma irin da ba sa bukatar lantarki sam. Kuma na'urar da ta yi wa mai ciwon tumbi amfani za ta yi wa mai aikin hanji ko hanta ko ƙirji, da mace mai doguwar naƙuda. Sauran gyaran ma ba na kuɗi ba ne sosai. Ƙasar Uganda ba ta fi Nijeriya arziki ba, amma tun 1993, da ƙoƙarin Dokta Anne Merriman wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, aka fara haɗa ruwan mofin na sha mai rahusa a can, a 2004 kuma aka yarda wa ma'aikatan jinya masu horo na musamman su rubuta shi.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ta umarci kowane asibitin da ke yin babbar fiɗa ya riƙa tambayar majinyaci awon zafinsa, daga sifiri zuwa goma, a rubuta a katinsa kamar yadda ake rubuta zafin jiki da bugun jini. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma zai karya shirun da ake fakewa da shi. Na biyu, a kafa ƙaramin rukunin kula da raɗaɗi a asibitin Barau Dikko da asibitin ƙwararru mai gado 300 da aka buɗe a Millennium City a 2025, wanda ya ƙunshi likitan sa barci da ma'aikatan jinya da mai harhaɗa magani, a horar da su kafin a sayo na'ura, don kada ta zama kayan ado a sito. Na uku, a tabbatar cewa mofin da bufibakain da farasitamol na allura ba sa yankewa a ɗakin magani na asibiti, domin kada a sake aiken kowa kemis da tsakar dare.

Na huɗu, zancen kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fitowa. Ma'aikacin da ake yankar albashinsa kowane wata domin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, watau KADCHMA, yana da haƙƙin ya san ko kashe raɗaɗi bayan fiɗa yana cikin abin da aka ɗauke masa, in babu a sa shi. Ƙungiyoyin ƙwadago su ɗauki wannan a matsayin nasu. Haka kuma asusun tallafa wa masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara a asibitoci shida har da na Shika, ya soma ne da ciwon dajin nono da na bakin mahaifa da na furostat. Ya dace masu ciwon dajin tumbi da na hanji su ma su sami cikakken rabo a cikinsa.

Ɗaliban likitanci na Jami'ar Jihar Kaduna da na Jami'ar Ahmadu Bello, da na makarantun koyon jinya, su sani fannin sa barci da kashe zafi fanni ne mai daraja, kuma Arewa tana matuƙar bukatar masu shi. Gwamnati kuma ta ƙarfafa musu gwiwa da guraben ƙaro ilmi da alawus mai tsoka. Su kuwa jama'a, duk wanda olsarsa ta ƙi jin magani, musamman in ya haura shekara 40 ko ya ga yana ramewa, ya nemi a leƙa tumbinsa da na'ura tun da wuri. In kuma an sa ranar fiɗa, ya tambayi likita, ba kunya ba tsoro, wane shiri aka yi masa game da raɗaɗi, wace hanya ce ta dace da shi, kuma wa zai kira in dare ya yi.

A 2010, masana daga ƙasashe da yawa da suka taru a birnin Montreal na Kanada sun bayyana samun maganin zafi a matsayin haƙƙin ɗan Adam. A 2015 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Nijeriya take ciki, ya zartar cewa fiɗa da sa barci suna cikin kulawar da ta wajaba kowa ya samu. Alkawari kaya ne. Lalle ne Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, in ta zo duba kasafin kuɗin lafiya, ta tambayi Kwamishina nawa aka ware domin wannan, asibiti nawa ne suke auna zafin majinyatansu, kuma yaushe mutumin Narayi da aka yi wa aiki da safe zai iya samun barci a daren ranar.